Tarihin Laimar Kwaɗi: Daga Surin Gara Zuwa Ɗakin Bincike

Mun saba kawo tarihin sarakuna da garuruwa. Yau kuwa ƙasa za mu sunkuya, mu duba tarihin wani abu da muke takewa a hanyar gona. Duk wanda ya yi damina a Gammo, ko Garo, ko Getso, ya san idan marka ta zauna a watan Agusta sai a wayi gari laimar kwaɗi ta fito a bakin suri ko kan juji, alhali jiya babu komai a wurin. Wani irin kuma a gindin tsohuwar bishiya yake mannewa, ja mai sheƙi, da tauri kamar katako. Daga ina suke fitowa, kuma me ya sa sai a lokacinsu? Masana sun kwashe kusan shekara 300 suna bin wannan tambaya.

A da, mutanen Turai sun ɗauka ruɓa ce kawai ke haifar da su. A 1729 wani Ba'italiye a birnin Fulorens, Pier Antonio Micheli, ya tara ƙurar da ke zuba daga irin waɗannan halittu, ya barbaɗa ta a kan yankakkun 'ya'yan itace, sai irin abin da ya barbaɗa ya tsiro. Ashe ƙurar nan iri ce. Sannu a hankali aka gane laimar da muke gani 'ya ce kawai. Ainihin jikin wani farin zare ne siriri da ke yaɗuwa a cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace, ɗan'uwan fumfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu, da burtuntunar da ke ɓata mana dawa. Zaren yana nan rani da damina, laimar ce ke zuwa ta wuce. A 1969 Robert Whittaker ya ware wa wannan dangi gidansu daban da na tsirrai.

Mataki na biyu wata mata ce 'yar Fotugal ta taka shi, Mathilde Bensaude, a 1918, sai Bajamushe Hans Kniep ya biyo baya a 1920. Sun nuna cewa a nau'o'i da yawa zare ɗaya ba ya yin laima shi kaɗai. Dole zare biyu da suka dace su haɗu su zama ɗaya, kamar aure. Sai dai auren nasu ya wuce zancen namiji da mace. John Raper na Jami'ar Harvard ya shafe shekaru yana nazarin Schizophyllum commune, wani ɗan ƙarami fari mai kama da mafici da ke fitowa a jikin mataccen itace a kusan duk duniya, kuma lissafin da ya biyo bayan aikinsa ya nuna yana da jinsi sama da 23,000.

Ko an ɗaura auren, zaren ba ya gaggawa. Yana jiran alamu: danshi, sauyin zafi, ƙarewar abinci, iska mai kyau, da haske, musamman shuɗin haske. Ba shi da ido, amma yana da wasu furotin masu jin haske, waɗanda ke tayar da ƙwayoyin gado da ke barci su fara aikin gini. Da masu bincike suka cire ɗaya daga cikinsu, sai zaren ya makance, ya ci gaba da yaɗuwa amma ya kasa haihuwa. A Jami'ar Groningen ta Holan kuma, Joseph Wessels da abokan aikinsa sun gano wasu ƙananan furotin, a 1991 suka raɗa musu suna haidurofobin. Su ne ke rage ƙarfin saman ruwa har zaren ya iya huda shi ya fito iska, sannan su lulluɓe shi da rigar da ba ta jiƙa. Daga nan zarurruka su dunƙule su zama ƙulli kamar kan allura, a tsara hula da kara tun yana ƙarami. Ranar da ruwa ya wadata, sai ya zuƙa ya kumbura. Abin da muke cewa ya fito dare ɗaya, ya yi kwanaki ana gina shi a ɓoye.

To ina batun magani? Wannan ja mai sheƙin na gindin bishiya, danginsa ake kira Ganoderma, Sinawa kuma suna ce wa nasu lingzhi. Yana cikin littattafan maganinsu kusan shekara 2,000, kuma Li Shizhen ya yi bayaninsa a babban kundinsa da aka buga a 1596. Saboda wuyar samunsa a daji, sai masu hali ke ganinsa, har zuwa shekarun 1970 da aka iya noma shi a Sin da Japan a kan gungume da garin katako. Manomansa sun lura idan ɗaki ya toshe babu iska, ba ya buɗe faifai, sai ya yi rassa kamar ƙahon barewa. A 1982 masu bincike a Japan suka fitar da sinadaran da ke sa shi ɗaci. A 2012 aka karanta dukkan ƙwayoyin gadonsa, kimanin 16,000, aka kuma ga cewa sinadaran nan kaɗan ne a cikin zare, suna hauhawa ne lokacin da ƙulli ya fara fitowa. Wato ƙarfinsa ya danganta da lokacin da aka girbe shi da kuma sashen da aka daka.

Amma mafi daɗin labarin a ƙarƙashin ƙafarmu yake. Gara ta riga ɗan'adam noma da kimanin shekara miliyan 30, kuma a Afirka ta fara. Tana tauna kara da ciyawa, ta gina wani abu kamar saƙar zuma a cikin suri, ta shuka zaren a kai. Shi ya narkar mata da abin da cikinta ba zai iya ba, ita ta ba shi danshi da tsaro. Bafaranshe Roger Heim ne ya sa wa wannan dangi suna Termitomyces a 1942. Da damina sai ya miƙo doguwar jijiya daga cikin suri ya buɗe a waje, shi ne naman kazan da ake ci a ƙasashen Afirka da dama. A Zambiya akwai wanda faɗin hularsa ke kusan mita ɗaya. Wani bincike da aka yi a nan Nijeriya, aka buga a 1981, ya nuna a wasu nau'o'in gara shingen da ke tashi bayan ruwa yana ɗauke da irin a cikinsa zuwa sabon gida. Irin waɗannan ba kasafai surinsu ke fitar da laima ba. Sauran kuwa sai laima ta buɗe ta zubar da ƙura, ma'aikatansu su kwaso. Shi ya sa ba kowane suri ke bayarwa ba. Kuma har yau ba a kai ga noma shi a gona yadda ake noma saura ba, gara ta riƙe sirrinta.

Wannan tarihi yana da amfani gare mu ta hanya uku. Na farko, ana kawo mana Ganoderma a kofi da ƙwayoyi da tsada, a ce yana maganin komai. Ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon gwaje-gwajen likitoci, ta duba batun ciwon daji a 2016, ba ta sami hujjar da za ta sa a ɗauke shi a matsayin babban magani ba. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye maganin asibiti saboda talla. Na biyu, kama da wane ba ta wane. Akwai laima mai dafin da dahuwa ba ta kashe shi, ba ya nuna kansa sai bayan awa shida ko fiye, lokacin ya riga ya taɓa hanta. Wanda ba mu sani ba, mu bar wa kwaɗi kayansu, mu kuma ja wa yara kunne. Na uku, duk kututturen da muka tone don gawayi da duk surin da muka baje, gidan wani zare muka rusa, wanda mai yiwuwa ba a ma rubuta sunansa ba.

Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo yake, hanyar da muke bi kullum. Ɗalibanmu masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi nan a bayan gida. Su fara da dattawa, su rubuta sunayen da suke kiran kowane iri da wurin da yake fitowa, tun masu sanin suna raye.

Mu haɗu a mako na gaba.