Gumakan Masar da Iskokin Katsina

Tun lokacin da Turawan mulki suka fara tattara labarun ƙasar Hausa, aka sami waɗansu daga cikinsu, irin su Palmer wanda ya yi mulki a Katsina, da Meek wanda ya rubuta littafi a kan Jukun a 1931, da suka ɗauki wata ta'ada ta danganta duk wani abin sarauta ko na tsafi da suka tarar a yankin nan ga ƙasashen gabas, musamman Masar ta zamanin Fir'aunoni, kamar dai a ce baƙar fata ba ya iya ƙaga ko da ɓata sai ya yi aro. Wannan magana ta shiga kunnen 'yan boko har ta zauna, saboda haka ya kamata a dubi abin da Misirawan dauri suka bauta wa, a dubi abin da Katsinawan jahiliyya suka yanka wa dabba, a ga ko akwai nasaba.

Misirawa sun shafe fiye da shekara 3,000 suna bautar alloli masu ɗimbin yawa, kowane gari da nasa, kuma darajar kowane gunki tana hawa tana sauka gwargwadon ƙarfin garin da yake zaune a ciki. Ra shi ne rana, mazauninsa inda ake kira Ainu Shamsi a Alƙahira ta yau. Fitah na birnin Manfis ne, shi ne ubangidan masu sana'a. Amun kuwa tun asali gunkin Tibis ne, wato Luksor ta yanzu, amma da sarakunan wannan birni suka mallaki ƙasar baki ɗaya sai aka gwama shi da Ra, aka gina masa haikalin Karnak, limamansa suka tara gonaki da shanu da bayi har suka kusa gagarar Fir'auna kansa. Abin da ya fi kama zukatan talakawa shi ne ƙissar Osiris, wanda ɗan'uwansa Set ya kashe shi ya daddatsa gawarsa ya warwatsa, matarsa Isis ta bi ƙasa tana tsintowa har ta harhaɗa shi, ta haifi Horus mai kan shaho, wanda ya girma ya karɓi gadon ubansa. Don haka kowane Fir'auna yana raye Horus ne, in ya mutu ya zama Osiris.

Suna da hisabi irin nasu, sun kuma zana shi dalla-dalla a takardun da suke binnewa tare da mamaci. Ga Anubis mai kan dila ya durƙusa gaban ma'auni, zuciyar mamaci a kwano ɗaya, gashin tsuntsu na Ma'at, allahiyar gaskiya, a ɗayan. Ga Tot mai kan tsuntsu riƙe da alƙalami yana rubutawa. Ga alƙalai 42 suna saurare. A gefe kuma wata dabba mai kan kada ta buɗe baki tana jiran zuciyar da ta yi nauyi. Mai hankali zai ga cewa mutanen nan sun hango akwai sakamako bayan mutuwa, sai dai sun rarraba mulkin Ɗaya ga masu yawa. Sarki guda, Akenaton, wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi ƙoƙarin rushe sauran ya bar faifan rana kaɗai, amma yana mutuwa aka watse daga birnin da ya gina, aka kankare sunansa.

Duk da wannan gini na dutse, addinin ya mutu murus. Rubutu na ƙarshe da aka sassaƙa da haruffansu an yi shi a tsibirin Fila a shekara ta 394, sarkin Rum Jastiniyan ya rufe haikalin Isis na wurin a ƙarni na 6, kuma lokacin da Amru ɗan Asi ya ci Masar wajen 641, Kiristoci ya tarar, babu mai iya karanta bangon kakanninsa, sai da wani Bafaranshe, Shamfoliyon, ya warware rubutun a 1822. Dalili kuwa a bayyane yake: allolin nan cimarsu daga baitulmalin sarki take, da aka yanke wa haikali gandu, liman ya kama gabansa.

To, mu dawo gida. Katsinawan farko, waɗanda ake kira Durɓawa, cibiyarsu tana Durɓi ta Kusheyi, gabas da birnin Katsina a ƙasar Mani, kuma har yau mai sarautar Durɓi yana cikin masu zaɓen sarki, ƙofar da ke fuskantar can kuma Ƙofar Durɓi ake ce mata. Ba a san su da sassaƙa gunki, ko gina haikali, ko rubutu ba. Abin da suka sani shi ne iskoki, mazauna tsamiya da kuka da duwatsu da tsofaffin rijiyoyi, kuma a bisa abin da aka gani wurin Maguzawa, waɗanda Ba'amurke Greenberg ya zauna cikinsu a ƙasar Kano ya rubuta littafi a 1946, ba su musun cewa Allah ne ya yi sama da ƙasa, illa dai suna ganin ya yi nisa, iska ce kusa. Maigida yakan kafa jigo a tsakar gida, in damina ta kawo kai ko an kai amfanin gona rumbu ya kama dabba mai launin da iskar gidansu ke so, ja ko baƙa ko fara, ya yanka, jini ya zuba a gindin icen, nama kuwa iyali su cinye. Uwarsu duka ita ce Inna, wadda ake kuma kira Uwargida ko Doguwa, mai ba da albarkar gona, mai shanye ƙafar wanda ya taɓa kayan mutanenta. Sunanta ne ya maƙale a cutar shan inna da ma'aikatan lafiya ke yawon rigakafinta gida gida.

Labarin sauyin sarauta ma a gindin ice ya faru. Masu ba da tarihi sun ce akwai wata tsamiya, Bawada, inda ake kokawar al'ada, kuma Sanau, na ƙarshen sarakunan Durɓawa, ba a taɓa kai shi ƙasa ba saboda wani laya da yake ɗaurawa, har sai da Korau, mutumin 'Yandoto, ya haɗa baki da matar Sanau ta sace layan, ya kayar da shi ya yanka shi. Takobin nan Gajere da ke cikin kayan sarautar Katsina ga Korau ake danganta shi, haka fadar da ake kira Gidan Korau. Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan tarihin Katsina, ya sa zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, kuma shi ake ɗauka sarki Musulmi na farko. Amma fa Musuluncin sarki bai kori iskoki daga fada ba. Hasumiyar Gobarau ta tashi, Shaihu Magili ya ratsa, Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina suka yi zamaninsu a ƙarni na 17, alhali sarki yana hannu ɗaya a allo ɗaya a jigo, domin talakawan da ke biyansa haraji ba su bar na kakanninsu ba. Wannan gauraye shi ne abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta suka a littattafansa, yana ambaton masu girmama itatuwa da duwatsu da yanka, har aka kai ga jihadi, Malam Ummarun Dallaje da abokansa suka ci birnin wajen 1807, zuriyar Korau suka ƙaura arewa suka kafa Maraɗi, suka tafi da tsohuwar al'ada, inda Iya, mace daga gidan sarauta, ke shugabancin 'yan bori.

A nan ne bambancin ya fito sarari. Iskokin Hausa da suka rasa fada ba su rasa wurin zama ba, saboda tun can ba a haikalin dutse suke ba, a jikin mutum suke hawa. Mai garaya ya kaɗa taken iska, mata suna kiɗan ƙwarya, sai ka ga wadda aka girka ta canza kama: in Ɗan Galadima ne, ta yi taƙama irin ta ɗan sarki mai caca, tana rabon goro da kuɗi, in Malam Alhaji ne, ta duƙa tana tari tana jan tasbaha, in Kuturu ne, yatsu su lanƙwashe, in ya gama sai ta yi atishawa ya sauka. Duba fa, har malami aka yi wa gurbi a birninsu na Jangare, da Turawa suka zo su ma aka ba su nasu. Allolin Masar surar sama da kogi da mulki ne, waɗannan kuwa surar jama'ar kasuwa ce, da Bafillatana mai nono da mahauci da maharbi. Babu Osiris a cikinsu, babu ma'aunin zuciya, babu adana gawa, babu dala. Kamannin da ake kafa hujja da su, kamar girmama baƙin sa ko danganta lafiyar sarki da albarkar ƙasa, ana samunsu wurin manoma ko'ina a duniya, kuma malamai sun hukunta duka biyun da hukunci ɗaya ba tare da sun ce ɗaya ya haifi ɗaya ba.

Alaƙa tsakanin Masar da Katsina tabbas akwai ta, sai dai ta bayan Fir'aunoni ce da nisa. Palmer ya haƙa tuddan Durɓi ta Kusheyi a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake haƙa wasu a farkon shekarun 1990 tare da masana daga Jamus, aka sami manyan mutane an binne su da zinariya da hauren giwa da tasoshin tagulla, waɗanda masanan ke ganin daga ƙasashen Musulmi na gabas suka fito, ta hannun fatake masu ƙetare Sahara. A ƙarshen ƙarni na 15 kuma Shaihu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, mai rabin tafsirin Jalalaini da ake karantawa a zaurukan birni kowane azumi, ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙa, yana yi musu wasiyya da tsoron Allah da adalci ga talakawa.