Sharaɗin Launin Fata a Dokokin Zama Ɗan Ƙasa

A kowace ƙasa ta zamani hanyoyin zama ɗan ƙasa biyu ne: ko a haifi mutum da wannan matsayi, ko ya zo daga waje ya nema hukuma ta ba shi. Hanya ta biyu ita ce gwamnatoci da dama suka gindaya wa sharaɗin launin fata ko na asali, ta yadda baƙo zai tsufa a ƙasa, ya biya haraji, ya binne 'ya'yansa a cikinta, amma doka ta ce irinsa ba ya cikin waɗanda za a karɓa.

Kafin zuwan Turawa, a ƙasar Gwandu, wadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe a matsayin ɓangaren yamma na Daular Usmaniyya, abin da ake dubawa shi ne addinin mutum, da sarkin da ya yi wa mubaya'a, da kuma ko ɗa ne ko bawa. Bauta shinge ce mai tsanani, ba a musun wannan. Amma malami ko fatake daga Barno ko Timbuktu na iya sauka, ya yi aure, jikokinsa su zama 'yan gari ba tare da wata takarda ba. Ikon Gwandu a lokacin ya kai Nufe da Ilori, ya kuma kai Sayi da Liptako ta yamma.

Ingila da Faransa suka raba wannan ƙasa a tsakaninsu. Bayan 1903, mutumin Gwandu ko Kalgo ya zama abin da dokar Ingila ta kira wanda ke ƙarƙashin kariyar Birtaniya, matsayin da ya bambanta da na wanda aka haifa a Legas, domin na Legas talakan Sarkin Ingila ne kai tsaye. Ɗan'uwansa na Sayi kuwa ya faɗa hannun Faransa a matsayin talaka marar 'yancin ɗan ƙasa, wanda kwamanda ke iya ɗaurewa ko ci tara ba tare da alƙali ba. Wata doka ta 1912 ta buɗe ƙofa ga mutanen Afirka ta Yamma su nemi zama 'yan Faransa, amma sai wanda ya iya karatu da rubutu da Faransanci, ya kuma yarda aurensa da gadonsa su koma bisa dokar Faransa. Ga Musulmi wannan sharaɗi babba ne, kuma kaɗan ne ƙwarai suka bi ta wannan ƙofa. Sai a 1946 dokar Lamine Guèye ta ba dukkan mutanen yankunan mallakar Faransa sunan 'yan ƙasa.

Inda aka rubuta launin fata ƙarara a doka shi ne Amurka. Dokar 1790 ta ce baƙon da zai nemi zama ɗan ƙasa sai ya kasance farar fata kuma ɗa. A 1857, a shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙoli ta ce zuriyar bayin da aka kawo daga Afirka ba 'yan ƙasa ba ne ko da an 'yanta su. A cikin wannan hali Muhammad Ali ɗan Sa'id, Babarbare haifaffen Kukawa wanda aka fi sani da Nicholas Said, ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts a 1863, a yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, alhali sharaɗin farar fata na nan daram. Sai a 1870 aka ƙara 'yan Afirka da zuriyarsu cikin masu iya nema.

Mutanen Asiya aka bari a waje. Dokar 1882 ta hana Sinawa, har zuwa 1943. A wannan zamani alƙalai suka shiga aikin da bai dace da alƙali ba, wato auna fatar mutane. A 1922 Kotun Ƙoli ta ƙi Takao Ozawa, mutumin Japan, bisa hujjar cewa farar fata na nufin jinsin da masana ke kira Kokeshiya. Bayan wata uku, a 1923, Bhagat Singh Thind ɗan Indiya, wanda ya yi aikin soja wa Amurka, ya nuna cewa masanan sun lissafa mutanensa cikin wannan jinsi. Kotun ta ce to ba maganar masana ake bi ba, abin da talakan Amurka ke gani a matsayin fari shi ne ma'auni. Larabawa ma sun sha wannan rashin tabbas: a 1942 wata kotu a Michigan ta ƙi Ahmed Hassan ɗan Yaman, a 1944 wata a Massachusetts ta karɓi Mohamed Mohriez. Dokar 1952 ce ta share sharaɗin gaba ɗaya, bayan shekara 162.

Abin takaici, Afirka ta Yamma ta ari wannan ma'auni ta juya shi. Laberiya, wadda 'yantattun bayi daga Amurka suka kafa, ta keɓe zama ɗan ƙasa ga baƙar fata tun tsarin mulkinta na 1847. Tsoronsu yana da dalili, domin sun ga abin da aka yi musu. Sai dai tsarin mulkin 1986 ya riƙe sharaɗin, kuma da yake ɗan ƙasa kaɗai ke mallakar fili, Kwarori 'yan asalin Labanan da aka haifa a Monrobiya suna zaman haya a garin haihuwarsu. A 2018 Shugaba George Weah ya nemi a cire shi, bai samu ba. Saliyo kuwa ta gyara dokarta a 1962, shekara guda bayan 'yanci, ta ce sai mai asalin baƙar fatar Afirka ta wajen uba. Gyaran ya rage matsayin John Akar, wanda ya tsara kiɗan taken ƙasar, saboda mahaifinsa ɗan Labanan ne. Ya yi ƙara, ya yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara ta Landan a 1969, amma dokar 1973 ta dawo da sharaɗin.

Hausawan zango sun gamu da nasu nau'in, wanda asali ya tsaya a madadin launi. A 1957 gwamnatin Nkrumah a Gana ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan zangon Kumasi kuma 'yan adawa, zuwa Nijeriya. Da suka je kotu suna cewa su 'yan Gana ne, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a rufe shari'ar. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, kuma cikin waɗanda suka kwashe kaya har da waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar kakanninsu ba.

Nijeriya ba ta taɓa rubuta launin fata a tsarin mulkinta ba. Na 1960 ya mai da mutanen Gwandu da sauran Arewa 'yan ƙasa ran 1 ga Oktoba, muddin an haifi ɗaya daga iyaye ko kakanni a ƙasar. Na 1999 ya tanadi cewa wanda aka haifa kafin 'yanci sai iyayensa ko kakanninsa sun fito daga al'umma 'yar asalin Nijeriya, kuma baƙo mai nema sai ya yi shekara 15 a ƙasa, gwamnan jiharsa ya shaida cewa jama'ar wurin sun karɓe shi. Hatsarin kalmar asali ya bayyana a Janairun 1980, lokacin da aka kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Barno, aka ajiye shi a Cadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ce ta dawo da shi. A garuruwan Kebbi, inda dangi ke zaune a ɓangarori biyu na iyakar Nijar da Benin, matashi mai neman aiki ko gurbin karatu yakan fara da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, kuma abin da ake tambayarsa a wajen hakimi shi ne gidan da mahaifinsa ya fito.