Daga Baitulmali zuwa Madatsar Habasha: Wa Zai Kunna Wutar Sharaɗa?

Tun kafin a ji sunan NEPA ko KEDCO, Kano ta taɓa kunna wutarta da kuɗinta. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, hukumar En'e ta kafa gidan ruwa da tashar lantarki a bakin kogin Challawa. Kuɗin aikin daga Baitulmali ya fito, shi kuwa Baitulmali harajin manomi da jangalin makiyayi ne suka cika shi. Wato talakan ƙauye da ke kwana da aci-balbal shi ya sayi fitilar da ta haska Birni da Bariki. Ya biya, amma ba a nemi shawararsa ba, ba a kuma karanta masa lissafi ba.

A 1951 hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, ta soma aiki, tashoshin En'e suka koma hannunta, a 1972 kuma aka kafa NEPA. A kan wannan wuta ta tarayya masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa: majemu, masaƙu, matatun man gyaɗa da kamfanonin roba. Bayan tsarin SAP na 1986 naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, wuta ta zama baƙuwa. Mai masana'anta ya koma ga janareta, dizal ya cinye riba, kayan waje masu arha suka ƙarasa aikin. Ƙofofi da yawa suka rufe, ma'aikata suka watse.

Ƙasar Habasha ta fuskanci irin wannan duhu, ta ɗauki wata hanya. A watan Afrilun 2011 Firaminista Meles Zenawi ya aza harsashin babbar madatsa a kan kogin Nilu, kusa da iyakar Sudan. Saboda adawar Masar, wadda rayuwarta ta rataya ga wannan kogi, samun bashi daga waje ya yi wuya. Sai gwamnati ta juya ga 'yan ƙasa: ma'aikata suka ba da albashin wata guda, 'yan kasuwa da mazauna ƙetare suka sayi takardun lamuni. A ranar 9 ga Satumban 2025 aka buɗe madatsar, mai ƙarfin megawat 5,150, wadda ta ci kimanin dala biliyan 5.

Sai dai tarihi ba ya son rabin labari. Mafi yawan kuɗin daga bankin gwamnatin ƙasar ya fito, kuma ma'aikacin da aka yanki albashinsa ba kullum yake da bakin cewa a'a ba. Abin da gudummawar jama'a ta haifar ya fi kuɗin kansa: miliyoyin mutane sun ɗauki aikin a matsayin nasu, shi ya sa sauyin shugabanni da yaƙin Tigray ba su kashe shi ba.

Kano ba ta rasa abin farawa ba. Ga madatsar Tiga, wadda Audu Baƙo ya gina a farkon shekarun 1970, ga rana mai yalwa, ga dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. Ga kuma sukuk, takardar zuba jari marar riba, wadda gwamnatin tarayya take gina hanyoyi da ita tun 2017.

Abin da ya rage shi ne amana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wanda ya sa hannu yana da haƙƙin sanin gidan wa ake rufawa. Talakan 1930 an karɓa daga gare shi bisa tilas; jikansa ba zai bayar ba sai ya ga hannun jari da sunansa, da lissafin da ake karantawa a bainar jama'a, da injin Sharaɗa yana juyawa har ɗansa ya sami aiki.