Daga Tarar Sule Ɗaya Zuwa Fom ɗin Neman Aiki

A wannan makon za mu leƙa tarihin wata 'yar takarda, wato takardar tarar gudun wuce kima, mu ga yadda take iya bin mutum har ranar da zai nemi aiki.

Labarin ya faro a Ingila. Dokar 1865 ta ƙayyade wa motoci mil 4 a awa a karkara, mil 2 a cikin gari, kuma sai wani ya riƙa tafiya a gabansu da jar tuta. Ranar 28 ga Janairun 1896, wani ɗan sanda a kan keke ya bi Walter Arnold a Paddock Wood, cikin yankin Kent, saboda yana gudun mil 8. Kotu ta ci shi tarar sule ɗaya da kuɗin shari'a. A birnin New York kuwa, a 1899, an tsare wani direban tasi mai suna Jacob German saboda gudun mil 12. A wancan zamani, mai gudu da ɓarawo duk gaban alƙali ɗaya suke gurfana.

Da motoci suka yawaita, sai kotuna suka cika maƙil da direbobi, kuma mutanen kirki suka fara kwasar tabon shari'a. Wannan ya sa jihohin Amurka suka ware wani ƙaramin rukuni na saɓa dokar hanya. Dokar jihar New York ta faɗi ƙarara cewa irin wannan saɓawa ba ta cikin laifuffukan da ke mai da mutum mai laifi a idon shari'a. Ingila ita ma ta shigo da tarar nan take: a yau fam 100 ce mafi ƙaranci, da maki 3 a lasisi, ba tare da zuwa kotu ba.

Sai dai ba a taru aka zama ɗaya ba. A jihar Bajiniya, wanda ya ɗara ƙa'ida da mil 20, ko ya wuce mil 85 a awa, ana iya tuhumarsa da tuƙin ganganci. Wannan cikakken laifi ne, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin wata 12 da tarar dala 2,500. Saboda haka direbobi biyu masu gudu ɗaya, a jihohi biyu, amsarsu za ta bambanta idan fom ya tambaya, “An taɓa samunka da laifi a kotu?” Ɗaya zai ce a'a da gaskiyarsa, ɗaya kuwa dole ya ce eh. Wanda ya ɓoye aka gano, sau da yawa ƙaryar ce ke korarsa, ba gudun ba. Mai neman aikin tuƙi kuma, ko ƙaramar tara ce, za a duba tarihin lasisinsa.

Dokoki sun yi ƙoƙarin rage wannan nauyi. A 1974 Birtaniya ta kafa dokar da ke ɗauke wa mutum wajabcin bayyana tsohon hukunci bayan wani wa'adi, ban da ayyuka irin su kula da yara. A 1998 Hawai ta zama jiha ta farko a Amurka da ta hana yin wannan tambaya kafin a yi wa mutum tayin aiki.

To, mene ne namu a ciki? Kalmarmu ta “laifi” ta haɗa yaron da ya fasa kwano da ɗan fashi. Idan muka kai tauraron labarinmu Landan ko New York, muka ce ya rasa aiki saboda tarar gudu, mai karatu da ya san doka zai tambaye mu: wace jiha, gudun mil nawa, kotu ya je ko tara ya biya? Mu binciko amsar kafin mu ɗora alƙalami. Allah Ya ƙara mana basira.