Labarun Soyayya Da Mutanen Ɓoye, Daga Tatsuniya Zuwa Littafi

A ƙasar Tsafe, kamar 'Yankuzo da garuruwan da ke kewaye da ita, tun kafin a san boko an san labari. Idan kaka ta yi, an kai gero rumbu, an ci tuwon dare, sai yara su kewaye tsohuwa a tsakar gida, ta buɗe da gatanan gatananku. Da rana kuwa ba a yi, wai mai yin tatsuniya da rana ɓata zai yi. A cikin waɗannan tatsuniyoyi akwai wadda kusan kowa ya ji, watau ta budurwar nan mai ruwan ido, wadda ta ce ba ta auren mai tabo ko ɗaya a jikinsa. Samarin gari duk ta raina su. Ran nan sai ga baƙo kyakkyawa, jikinsa sumul, ta ce shi take so. Aka ɗaura aure, suka kama hanya. Sai da suka yi nisa cikin daji sa'an nan ango ya rikiɗe, ashe dodo ne ya ari siffar mutane.

To, wannan ita ce tsohuwar saiwar abin da za mu duba, watau labarin so tsakanin ɗan Adam da abin da ba ɗan Adam ba. Mutanen wannan yanki ba su rasa abin gina irin wannan labari ba. Ga Dutsen Kwatarkwashi nan tsakanin Tsafe da Gusau, wanda mutanen dā suka ɗauka mazaunin iskoki ne, har suna yi masa bukukuwa. Ga 'yan bori da birnin iskokinsu na Jangare, da Sarkin Aljan, da Doguwa. Ga kuma zancen matar da aka ce aljani ya aure ta, shi ya sa ba ta zaman aure. Malamai sun yi ta wa'azi a kan waɗannan abubuwa tun zamanin 'Yandoto, garin malamai da littattafai da ke nan kusa, amma labarin bai bar bakin tsofaffi ba.

Turawa ne suka fara zuba tatsuniyoyinmu a takardar ɗab'i da yawa. Wani jami'in mulki, Frank Edgar, ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa kashi uku daga 1911 zuwa 1913, yawancinsu daga rubutun ajami na malaman lardin Sakkwato. Amma talaka bai ga wannan littafi ba. Abin da ya sauya al'amari shi ne gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, inda ya nemi malamai su ƙago labari da kansu. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. A wannan lokaci kuma aka buga Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Wanda ya karanta su ya san aljannu sun shiga boko tun ranar farko. Alhaji Imam bai kai ga ruwan da yake nema ba sai da taimakonsu, Ganɗoki kuwa da ya gama da Turawa sai ya faɗa ƙasashensu yana yaƙi. Jiki Magayi shi ne ya taɓo so, don labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya tafi neman asirin ramuwa.

Littafi ba ya amfani sai da mai karanta shi. Saboda haka babban abin da ya kawo waɗannan labaru ƙauye shi ne Yaƙi da Jahilci, wanda aka ɗaura gadan-gadan a farkon shekarun 1950. Aka buɗe azuzuwa a zauruka da gindin itatuwa, magidanta masu gemu suna koyon baƙi da wasali. Cikin 1954 hukumar NORLA ta kama aiki a Zariya, tana buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna, ta lardin Sakkwato ana ce da ita Zaruma. Mutum ɗaya da ya sami takardar shaida yakan zama idon unguwa guda. Shi zai zauna kusa da fitila yana karanta Magana Jari Ce ko Iliya Ɗan Maiƙarfi, sauran suna saurare, in ya yi tuntuɓe a kalma waɗanda suka riga suka haddace labarin su gyara masa.

Yanzu bari mu ƙetare teku, mu ga abin da Turawa ke da shi mai kama da wannan. Suna da wani abin tsoro da suke kira bamfaya. A cewarsu mamaci ne da ya ƙi kwanciya, yakan fito daga kabari da dare ya tsotse jinin masu barci, wanda ya tsotsa kuma in ya mutu shi ma ya zama irinsa. Kada mai karatu ya zaci wasa ne tun asali. Cikin 1725, a wani ƙauye na ƙasar Sabiya, mutane suka yi ta mutuwa bayan rasuwar wani manomi. Jama'a suka tilasta wa wakilin hukuma ya tsaya, aka tone kabarin, aka kafa wa gawar turke a ƙirji, aka ƙone ta. Wakilin ya rubuta rahoto, jaridu suka ɗauka. Cikin 1732 wani likitan soja ya sake aiko da irin wannan rahoto daga wani ƙauyen, sai tsoro ya bazu cikin Turai. Abin bai lafa ba sai da Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya ta sa babban likitanta ya bincika, ya ce babu kome sai jahilci, ta kafa dokar hana tone kaburbura cikin 1755.

Dalilin abin kuwa a fili yake ga likitocin yanzu. Gawa in ta kwana biyu a ƙasa takan kumbura, wani ruwa mai kama da jini ya fito ta baki da hanci, fata ta janye har farce ya zama kamar ya ƙara tsawo. Wanda bai sani ba sai ya ce ai ga shi ya yi ƙiba, ya sha jini. Mace-macen kuma na annoba ne, musamman tarin fuka, wanda yakan bi 'yan gida ɗaya yana ramar da su ɗaya bayan ɗaya. Har a Amurka, cikin 1892, an tone kabarin wata yarinya a jihar Rod Ailan saboda wannan zato, alhali tarin fuka ne ya cinye gidansu.

Da tsoro ya kau, sai marubuta suka ɗauki abin suka yi masa ado. Wani likita, John Polidori, ya buga labari cikin 1819, inda ya mai da bamfaya basarake mai fara'a wanda mata ke rububinsa. Cikin 1897, watau shekara shida kafin Turawa su ci Sakkwato, Bram Stoker ya fitar da Dracula, wanda ya fi kowane suna. Abin lura a cikinsa shi ne, da jirgin ƙasa da wayar tangaraho da ƙarin jini irin na likita aka yaƙi wannan tsohon mugu. Daga nan sannu a hankali mugun ya yi ta laushi a hannun marubuta, har cikin 2005 wata Ba'amurkiya, Stephenie Meyer, ta fitar da Twilight, inda bamfaya ya zama saurayin da ke danne ƙishirwarsa don kada ya cuci budurwarsa.

Akwai kuma wani reshe da ya tsiro, wanda za mu iya kira labarun zamanin injin tururi. Marubucin yakan koma Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, ya ƙaga cewa duk ci gaban duniya a kan kwal da tururi ya tsaya, har jiragen sama da mutum-mutumi masu motsi duk da tukunyar ruwan zafi suke aiki. Cikin 1987 aka laƙaba wa irin wannan rubutu suna. Gail Carriger ta haɗa shi da soyayya da mutanen ɓoye a jerin littattafai biyar, daga 2009 zuwa 2012. A cikinsu masu shan jini suna zaune a Landan da sanin hukuma, ana gayyatarsu shan shayi, tauraruwar labarin kuwa ta auri wani basarake mai rikiɗa ya zama kyarkeci. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, don mu ma muna da labarin masu rikiɗa su zama kura.

Injin tururin ma ba baƙonmu ba ne. Abin da matasan Turai ke ƙagawa don nishaɗi, kakanninmu da idonsu suka gan shi. Hanyar jirgi da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Da kwal ɗin Inugu ake hura wutarsa, ya sha ruwa a tasha, ya kwashi gyaɗa da auduga ya yi kudu yana tuƙa hayaƙi. Ya daɗe yana wannan aiki kafin a kawo mai aiki da man dizal. Marubutanmu dai ba su cika sa shi a labarun al'ajabi ba. Wanda ya fi kusa da haka shi ne Umaru Dembo, da ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya cikin 1969, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro a jirginsa ya zaga da shi sararin samaniya.

Soyayya da aljannu kuwa sun haɗu sosai a So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga cikin 1980 bayan wata gasa. Labarin wata 'yar Fulani ce da ta zaɓi wanda ba ɗan ƙabilarta ba, ta sha wuya wajen dangi, sa'an nan aljana ta shiga tsakani. Ana lissafa shi littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Mutanen Zamfara suna da rabo a nan, don marubuciyar ta yi zama a Gusau, har ta nemi kujerar gwamnan jihar cikin 2003. Bayanta sai ƙofa ta buɗe. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasan Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Akan raba labari kashi biyu ko uku, a tsaya daidai inda rai ke so, don a sayi na gaba. Wasu kamar Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi suna wajen labarun ban tsoro da na matsafa da jarumai. Littattafan suka bi motocin kasuwa har Gusau da Tsafe, ana saye, ana haya, ana aro ta kan katanga. Ba kowa ya yi murna ba. Cikin 2007 har an ƙone wasu a Kano a gaban hukuma, wai suna ɓata tarbiyya. Yau kuma yawancin karatun ya koma cikin waya, ta WhatsApp da YouTube, inda wani ke karantawa dubbai na saurare, kamar dai mai fitilar nan na dā.

Saura tambaya guda, wadda ni a ganina ita ce ta fi nauyi. Abin da ya fi kama da bamfaya a wurinmu ai maye ne. An ce yana da ƙanƙara a ciki, yakan kama kurwar mutum ya ɓoye, mai ita ya yi ta ramewa har ya mutu. To, don me aljani ya sami shiga littafin soyayya, har a yaba kyansa da dukiyarsa, amma da wuya ka ga an mai da maye saurayin da ake so?

Amsar ita ce, bamfayan Turawa matacce ne, kuma sun daina yarda da shi kafin su fara yi masa kwalliya. Aljani kuwa ba a ganinsa, ba shi da gida a unguwa, ba wanda zai je ya jefe shi. Amma wanda ake kira maye mutum ne mai rai, maƙwabci ne, sau da yawa tsohuwa ce da ba ta da mai tsaya mata, ko baƙuwar da aka auro daga nesa. Yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, zafi ya hau masa kai, ya ambaci sunan wadda ya saba gani. Shi ke nan sai a taru a ƙofarta, a ce ta fito ta tsallake shi ta sakar masa kurwa. In ta ƙi, an ce ta tabbata. In ta yarda yaron ya warke, an ce ta tabbata. In ya mutu, abin ya fi muni. Tabon kuma ba ya tsayawa kanta, don an ce maita gado ce, saboda haka 'ya'yanta mata sai su rasa manema. Mutanen Sabiya gawa suka ƙone, mu kuwa mai rai muke kora daga gari. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa cikin 1960 ta sa jifan mutum da maita cikin laifuffukan da ake hukuntawa, amma har yanzu akan ji an yi, musamman inda asibiti ke nesa.

A 'yan shekarun nan kuma ƙasar Tsafe ta ga abin da ya fi dodon tatsuniya. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, sun hana noma a wurare, hirar dare a waje ta yi wuya. Tsofaffin da suka riƙe tatsuniyoyi wasu sun yi ƙaura zuwa Tsafe da Gusau, suna zaune a gidajen dangi. A can jikokinsu mata sukan haɗa kai a kan waya guda bayan sallar lisha, a rage murya, a saurari kashi na gaba na labarin aljanin da ya ga 'yar mutane a bakin rijiya.