Ƙafa Ɗaya Tana Gudu, Ɗaya Tana Kallo: Tarihin Mota da Yashi

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa daga ƙauyukan Dantchiao zuwa Magarya ko Dungas ya san wannan abu. Mota ta afka yashi, direba ya ba ta wuta, ƙafar baya ɗaya tana ta wulwulawa tana watso ƙasa, ɗayar kuwa tana tsaye cik. Sai ka ji karen mota yana cewa, "To, jama'a, a sauka a tura!" Mun saba ɗora wa inji laifi. Ni dai a ganina matsalar tana wani wuri dabam, kuma tana da tarihin da ya kamata mu sani.

A tsakiyar ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya akwai wani ƙulli mai haƙoran ƙarfe a ciki. Bari in kira shi mai raba juyi. Idan mota za ta sha kwana, ƙafar waje tana da tafiya mai tsawo fiye da ta ciki, shi ne yake barin kowace ta juya da nata saurin. Wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Onésiphore Pecqueur, shi ya yi rajistar wannan dabara a ƙarshen shekarun 1820, tun ana tuƙa keken hawa da tururi. Amma dabarar tana da aibi guda: ƙarfin da take ba ƙafafun biyu daidai yake, kuma ba ya wuce abin da ƙafa mai rauni za ta iya riƙewa. In ɗaya ta sami yashi mai laushi, sai ta kwashe juyin duka, wadda ke kan ƙasa mai tauri ta zauna ba aiki.

Turawan mulkin mallaka sun san wannan wahala a ƙasarmu. A watan Oktoba na 1924, motoci takwas na kamfanin Citroën suka taso daga Colomb-Béchar a Aljeriya, ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil, suka ratsa Sahara, suka biyo ta Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedikwatar Nijar, suka nufi tafkin Cadi. Ba su yarda da ƙafafun baya ba sam. Ɗamarar roba suka sa a madadinsu, irin ta tankar yaƙi. Sun wuce yashi, amma a hankali, kuma wannan ba motar talaka ba ce.

Maganin da ya fi sauƙi daga filin tseren motoci ya fito, a Jamus. Motar tseren Auto Union da Ferdinand Porsche ya tsara ƙarfinta ya yi yawa, ƙafa ɗaya tana zamewa duk lokacin da ta fito daga kwana. A 1935 kamfanin ZF ya ƙera masa mai raba juyi da ke taƙaita zamewa: yana barin ƙafafu su ɗan bambanta a kwana, amma da zarar ɗaya ta fara gudu ita kaɗai, sai ya riƙe ta ya tura ƙarfi wajen 'yar'uwarta. Daga 1940 aka sa irinsa a ƙaramar motar sojan Jamus, Kübelwagen. Ƙafafun baya kawai ke janta, amma da wannan na'ura da rashin nauyinta ta yi ta yawo a hamadar Libiya lokacin yaƙin duniya na biyu. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanonin Amurka suka fara sayar da shi a motocin gida.

Ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda. Na'urar tana sauya halin mota. A kan kwalta mai ruwa, in direba ya cika wuta a kwana, ƙafafun biyu suna iya zamewa tare, gindin mota ya kauce. Irin mai faifan kuloci a ciki yana son mai na musamman, kuma faifan yana cinyewa. Motocin da ke iso mana yawanci na hannu ne, sun ci nisa kafin su zo, wataƙila na'urar ta mutu tuni. Ko kat-kat, in ba ta da shi ko makulli, tana iya kafewa da ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya suna juyin banza.

Abin da ya sa na damu shi ne, motar da ke kafewa da buhunan gero, irinta ce ke ɗaukar mai naƙuda zuwa likita a Magarya cikin dare. Don haka idan ƙungiya ko magajin gari za su sayi motar ɗaukar marasa lafiya, kada a tsaya ga fenti da ƙarar inji. Bakanike ya ɗaga bayan motar da jak, a cire giya, ya juya ƙafa ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya, galibi mai raba juyin na gama-gari ne ko ya cinye. In ta bi ta gaba ɗaya da ɗan tauri, akwai alamar mai taƙaita zamewa. Gwajin ba ya cin minti goma, kuma ya fi a gano gaskiya a gareji da a gano ta a tsakiyar yashi.