Baki Cike da Ƙarfe: Abin da Yaran Shekarun 1960 Suka Sha Kafin Haƙoransu Su Daidaita

A ce kai ɗan shekara 12 ne a wani gari na Amurka a 1962, haƙoranka sun hau juna, iyayenka suka kai ka wurin likitan daidaita haƙora. Ranar farko ba za a sa maka komai ba sai 'yan guntayen waya ko roba da za a cusa a tsakanin haƙoranka, su buɗa 'yar kafa. Ka koma gida kana jin kamar tsokar nama ta maƙale maka a kowane lungu na baki, kuma an hana ka sakace.

Bayan kwanaki ka dawo. Yanzu likita zai zagaye kusan kowane haƙori da zoben ƙarfe, ya danna shi har kusa da dasashi, wani lokacin ya ce ka ciji wani ɗan sanda don zoben ya shige, sannan ya liƙe shi da siminti. Ana iya yin zama biyu ko uku kafin a gama. Daga nan a ratsa waya ta cikin 'yan maƙalan da ke jikin zobban, a ɗaure. Ka yi murmushi a madubi, farin haƙori sai an duba da kyau. A makaranta kuwa suna na jiranka: mai bakin ƙarfe, ko layin dogo.

Haka miliyoyin yara suka yi shekara biyu zuwa uku. To me ya sa abin ya kai haka? Amsar tana wuri uku: babu gam, wayar ta yi tauri, su kuma likitocin suna cikin gardama.

Da farko, yaya haƙori yake matsawa?

Mutane da yawa suna ɗauka haƙori a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako. A gaskiya akwai wata siririyar shimfiɗa ta zaruruwa da jijiyoyin jini tsakanin saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi, kaurinta wajen milimita 0.2. Idan aka tura haƙori gefe guda aka daɗe, shimfiɗar tana matsuwa a gabansa, ta miƙe a bayansa. A inda ta matsu, wasu ƙwayoyin halitta su cinye ƙashi su buɗa hanya. A inda ta miƙe, wasu su gina sabon ƙashi. Wato jiki ne ke yin aikin, waya umarni kawai take bayarwa. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Sandstedt, ya nuna haka a gwajin da ya yi da karnuka, wanda aka wallafa a 1904.

Shi ya sa haƙori ba ya wuce kamar milimita ɗaya a wata. In kuma aka matsa da yawa, jijiyoyin jinin suna toshewa, wurin ya mutu na ɗan lokaci, tafiyar ta tsaya cak har sai jiki ya share. Ga ciwo ga jinkiri kenan. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga zinare zuwa ƙarfe mara tsatsa

Tun a 1728 wani likitan Faransa, Pierre Fauchard, ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe mai siffar kofaton doki da ake ɗaure haƙora a jikinsa da zare. Amma wanda ya mayar da abin fanni mai zaman kansa shi ne Edward Angle na Amurka. A 1899 ya kasa rashin daidaiton haƙora gida uku, rabon da har yau ake aiki da shi. A 1900 ya buɗe makarantar koyar da fannin a St. Louis, a 1928 kuma ya fito da maƙali mai tsaga da ake zura waya mai kusurwa huɗu a ciki, kakan wanda muke gani yanzu.

A zamanin Angle da zinare ake yin kayan, don haka sai ɗan mai hali. Ƙarfe mara tsatsa ya fara shigowa a shekarun 1930, zuwa shekarun 1950 ya zama ruwan dare. Kuɗi ya sauka, yara da yawa suka samu shiga. Sai dai har lokacin babu abin da zai manna ƙarfe a fuskar haƙori ya zauna, ga santsi ga yawu. Dole a yi wa haƙori ɗamara. Zobban nan suna tara abinci, suna kumbura dasashi, in simintin ya saki ba a lura ba haƙori ya fara ruɓewa a ƙarƙashi. Ranar da aka cire su ma, sai a tarar sun bar 'yan kafofi a tsakanin haƙora da sai an sake rufewa.

Ita kuma wayar ƙarfe tauri ne da ita. Da an ɗaure ta sai ta ja da ƙarfi sosai, haƙori ya ɗan motsa kaɗan, ƙarfinta ya ƙare. Don haka duk bayan 'yan makonni a koma a ƙara ɗaurewa, yaro ya yi kwana biyu ko uku ba ya iya tauna ko burodi. Ka ga abin da muka faɗa a sama: matsa mai yawa, sannan tsayawa. Ƙwararrun likitoci sukan lanƙwasa wayar da filaya su yi mata 'yan madaukai don ta yi laushi, su kuma madaukan su riƙa gogar leɓe da kumatu.

Linzami

Akwai kuma abin da tsofaffin da suka sa shi suka fi tunawa. Idan haƙoran sama sun yi gaba da yawa, ana buƙatar wani wuri mai ƙarfi da za a jawo su baya daga gare shi. Sai aka koma ga ƙeya. Wata waya ce mai kama da baka, ƙarshenta na ciki ya shiga turamen sama, na waje ya fito ta gefen kumatu, a ɗaura shi da madauri a wuya ko a ka. Bahaushe ya gani, linzami zai ce. Silas Kloehn ya farfaɗo da irin na wuya a 1947, kuma ana so yaro ya sa shi awa 12 zuwa 14 kullum.

Lissafa ka gani: barcin dare bai cika awannin ba. Wasu yaran har aji suke shiga da shi. Wasu su cire da zarar sun sha kwana, su mayar kafin su iso gida, a je asibiti likita ya ga babu ci gaba ya yi faɗa. Ba abin dariya ba ne kaɗai, domin an samu yaran da wayar ta fizge ta soke su a ido, abin da ya sa daga baya aka ƙera maɗaurin da ke ɓallewa da kansa in an ja shi.

A cire ko a bari?

Angle ya tsaya kai da fata cewa kada a cire lafiyayyen haƙori, a faɗaɗa baki kowa ya samu wuri. Ɗalibinsa Charles Tweed ya bi wannan koyarwa, sai ya lura haƙoran marasa lafiyarsa da dama suna komawa gidan jiya. Ya sake yi musu aiki, wannan karon ya cire haƙora huɗu, waɗanda ke bin fiƙa, ya nuna sakamakon a 1940. Sannu a hankali ra'ayinsa ya rinjaya.

Wani nazari da William Proffit ya yi a asibitin Jami'ar North Carolina ya nuna yadda abin ya yi lilo. A 1953 kashi 30 cikin 100 na masu zuwa ne aka cire wa haƙori. A 1968 ya kai kashi 76. A 1993 ya dawo kashi 28. Bakunan yara ba su canza ba a shekaru arba'in ɗin nan, ra'ayin likitoci da kayan aikinsu ne suka canza. Yaro ya rasa haƙora huɗu ko ya tsira da su, wani lokacin shekarar da aka haife shi ce ta yanke hukunci.

Gam da waya mai tuna siffarta

Sauƙi ya zo daga wurare biyu da ba a zata ba. Na farko daga masu fenti. Michael Buonocore, mai bincike a Rochester ta jihar New York, ya san masana'antu suna wanke ƙarfe da asid kafin su shafa fenti don ya kama. A 1955 ya gwada a haƙori, ya ga asid yana yi wa farfajiyarsa ƙananan ramuka da ido ba ya gani, gam ya shiga ya riƙe. A 1965 George Newman ya manna maƙali kai tsaye a haƙori. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 zobba sun koma turame kawai, farin haƙori ya sake bayyana.

Na biyu daga sojan ruwa. A wajen 1960, a ɗakin binciken makamai na rundunar ruwan Amurka, William Buehler ya gano cewa haɗin nikel da taitaniyam yana komawa siffarsa ta asali bayan an lanƙwasa shi. A farkon shekarun 1970 George Andreasen na Jami'ar Iowa ya kawo shi cikin baki. Wannan waya tana ja a hankali ba tare da ta saki ba, na tsawon makonni, daidai abin da siririyar shimfiɗar nan take so. Ciwo bai ɓace ba, amma ya ragu, zaryar asibiti ma ta ragu. A ƙarshen shekarun 1990 kuma Invisalign ya fito da robar da ake sawa a cire, wadda da wuya a lura da ita.

Wane ne ke cewa haƙori ya daidaita?

Yau a Kano ko Kaduna za ka ga matasa da ƙarfen haƙori, wasu ma don ado. Tarihin nan yana da abin da zai gaya wa iyaye. Akwai larura ta gaskiya: haƙoran da suka fito waje sosai sun fi saurin karyewa in yaro ya faɗi, akwai kuma cizon da ke raunata dasashi. Akwai kuma abin da ya danganta da idon mai kallo. A littattafan fannin, tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba abin rufewa ce. Mu a nan wushirya muke ce mata, har yabon mai ita ake yi.

Don haka in likita ya ce a sa wa ɗanka ko 'yarka ƙarfe, tambaye shi: wace matsala ake gyarawa, za a cire haƙori, in an bari me zai faru? Shi ma yaron a ji ta bakinsa, tunda shi zai kwana da abin shekara biyu.